Mai Riƙe Katako

A tsibirin Chiloé, ran da aka yi mini baftisma,
ruwan teku ya cije ni har ɓargo.
Na fito haƙora na kaɗawa, ikilisiya na tafi,
na ɗauka shi ke nan, na iso.

Wata uku bai cika ba
na koma teburina na dā a gidan giya, kusa da taga.
Addu'ata ta zama ashana a aljihun masunci:
tana nan dai, amma ta jiƙe.

Eleuterio Barría ne ya biyo sawuna,
masassaƙin jiragen ruwa mai yatsu tara,
kunne ɗaya ya mutu, ga tari kamar tsohon inji.
Bai yi mini wa'azi ba.
Ya ce, "Gobe da asuba ina neman mai riƙe mini katako."
Ya biya kuɗin abin da na sha, ya fita cikin ruwan sama.

Kunya ce ta kai ni.

A rumfarsa ta bakin gaɓa
akwai dogon akwati da yake turara katako a ciki.
Na ɗauki wani da bai shiga ba, in nuna ƙarfi,
na danna shi a haƙarƙarin jirgi, sai ƙaras!
Na ce, "Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni ma na bushe, baba, shekara talatin da huɗu."
Ya tsince guntayen bai ɗaga kai ba.
"Busasshe ma yana lanƙwasuwa," in ji shi,
"in ya daɗe cikin tururi,
in kuma akwai mutum a kowane ƙarshe."

Shekara bakwai ina wancan ƙarshen.

Kullum kafin a taɓa zarto
mukan karanta Maganar Allah, layi uku ko huɗu,
ya juyo mini kunnensa mai rai, ya ce, "Me ka ji?"
In na yi shiru, ya jira.
Shayi yakan huce a wannan jiran.

Na ga wani ya cinye masa kuɗin jirgi,
da iska ta kwashe rufin mutumin
mu muka hau da ƙusa a baki.
Na ga ranar da ya fusata ya wurga guduma
ta wuce gefen ƙafata,
da yamma ya zo har gida, hula a hannu,
dattijo yana neman gafarar yaronsa.
A bakin ƙofar nan na fara gane tuba,
bayan na ji sunanta sau ɗari a majami'a.

Da hunturun da jirgin ƙanena Isidoro bai dawo ba
na ce masa ni da addu'a mun raba gari.
Ya ce, "To. Ni zan yi.
Kai riƙe fitila."
Dare goma sha tara muna bakin ruwa,
matarsa Clorinda na aiko da dankali mai zafi cikin tsumma.
Teku ba ta mayar mana da kowa ba.
Ban san a wane dare ne
na ji bakina ya ce amin ba.

Bara muka binne shi a kan tudu,
cikin akwatin da na sassaƙa da zartonsa.
Har yanzu nakan juya in tambaye shi abu.

Lahadin da ta wuce an yi wa Nibaldo baftisma,
ɗan mai sayar da kifi, wanda baki ya fi shi girma.
Ya fito yana rawar ɗari, yana dariya,
da fuskar wanda ya ɗauka ya iso.
Ban iya magana kamar fasto ba,
haƙurina ma bai kai na tsohon ba.
Amma na hura wuta ƙarƙashin akwatin tururi,
na wanke kofi na biyu,
na san kuma ƙofar gidansu.